Idon da Na Hana a Yanka

Na sha jin ku kuna faɗa wa baƙi cewa ni ce mace ta farko a unguwarmu da ta kai 'yar'uwarta likita aka gyara mata fatar ido. Kuna faɗa kuna hura hanci, ni kuma in sunkuyar da kai in yi shiru, ku ɗauka kunyar yabo nake ji. Ba ita ba ce. Rabin maganar kuka riƙe, kuma rabin da ya fi daɗin ji. Tun da Allah ya sa na yi karatun manya har na iya jan alƙalami, ko da a karkace, gara in rubuta muku ɗaya rabin da hannuna kafin in mutu ku ci gaba da yabona a kan abin da ban yi ba.

Abu biyu na gada wurin Inna, mahaifiyarmu: wankan gawar mata, da wani ɗan hantsaki baƙi da take rataye a wuya cikin kube na fata. Ku da kuka taso da famfo da sabulu ba ku san amodari yadda muka san shi ba. Yana kama yaro da kwantsa da ƙudaje, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, har a manta da shi. Sai mutum ya manyanta gashin idonsa ya juya ciki, ya riƙa gogar ƙwayar ido a kowace ƙiftawa. Mata ya fi kamawa. Ranar kasuwar Dakoro kafin hantsi za ka tarar da su a gindin bedin gidanmu, wato itacen dogonyaro, na Birnin Lalle, na Rumbu, da matan rugage da ƙwaryar nononsu, kowace ta ja mayafi ta kare rana. Mace ta kwantar da kai a cinyata, in ja fatar da babban yatsa, in bi gashin ɗaya bayan ɗaya in tuge. Ta tashi tana share hawaye tana sa mini albarka. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin albarkar nan, kuma ina jin daɗin a ce hannun Rakiya ya fi na kowa sanyi.

Akwai abin da na gani ina sabuwar amarya wanda ya zauna mini a rai. Na bi Inna wankan wata Bafulatana da aka kawo daga wajen Badar Gula ta rasu a gidan danginta. Shekaru kafin nan wani wanzami ya yi mata aikin gashin ido irin nasu, ya yanke wani yanki na fatar da aska ya ɗinke. Gashin ya fito waje kam, amma fatar ta gajarce. Inna ta shafa idanun da ruwan ɗumi sau uku, suka ƙi rufuwa. A ƙarshe ta yagi ƙyalle ta ɗaure mata fuska. Da muka fito muna wanke hannu ta dube ni.

"Rakiya, kin dai gani da idonki. Duk wadda ta bari aka sa mata wuƙa ga hwatar ido, da ido buɗe za ta tahi. Kak ki taɓa yarda a yi ma naki."

Ban taɓa mantawa ba, kuma shekara da shekaru ban tambayi kowa ko haka ne ba.

Yaya Tsahara ita ta goye ni. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, ɗakinta na kallon nawa. Mace ce mai saƙar faifai da ɗinkin ƙwarya, marar yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Idanunta biyu duka gashin ya juya, amma ba ɗaya suke ba. Na hagu hakiya ta riga ta hau shi, wannan farin da ke rufe baƙin ido, inuwa kawai take gani da shi. Na dama kuwa garau yake, da shi take zura zare a allura ba ta nemi kowa ba. Duk mako ina tuge mata, kuma a ganina babu idon da ya samu kula a Dakoro kamar nata.

A shekarar da nake ba ku labari aka kawo sabon majo likitar garin, wato babban ma'aikacin jinya na asibitinmu. Saurayi ne siriri daga gabas, Hausarsa ma ba irin tamu ba. Maimakon ya zauna a ofishinsa kamar na gabansa, sai ya riƙa bin gida gida da tocila da wani gilashi da yake ɗaurawa a goshi. Tun daga nan na fara sa masa ido, don ban taɓa ganin mai magani yana farautar marasa lafiya ba. Lawali, babban ɗan Yaya, wanda ke dillancin dabbobi a kasuwa, shi ya kawo shi gidanmu wata safiya ba tare da ya shawarci kowa ba.

"Inna, ina kwana," in ji majo, ya ɗan rusuna a gabana. "An ce mini ke ce likitan ido a unguwar nan."

Wataƙila girmamawa ce. Ni dai ba'a na ji a ciki, na amsa masa a daƙile.

Ya nemi Yaya ta zauna a tabarma ta dubi ƙasa. Ya kama gashin idonta da yatsu biyu, ya ɗora tsinken ashana a bayan fatar, ya juya ta ciki ya koma waje.  Shekara ashirin ina aikin idon mutane, ban taɓa ganin cikin fatar ido ba, ban ma san tana juyuwa haka ba. Ya kira ni in matso. Wurin da ya kamata ya zama ja mai laushi kamar cikin leɓe, sai ga fararen layuka sun ratsa shi, tabo a kan tabo.

"Inna, laifin ba na gashin ba ne," ya ce. "Fatar ido ba falle ɗaya ba ce yadda ake gani. Ta waje siririya ce. A ƙarƙashinta akwai ɗan nama, shi ke rufe ido. A ƙarƙashin naman akwai wani abu mai ɗan tauri kamar guringuntsi, shi ke riƙe fatar ta tsaya daidai. Sannan wannan shimfiɗa ta ciki. Ciwon ya yi ta cin ta ciki tun tana yarinya, ya bar tabo, tabon ya tsuke ya lanƙwasa mai taurin. Kamar fata ce da aka bari kusa da wuta ta naɗe. Ko kin tuge gashin sau dubu, bakin fatar na nan a lanƙwashe, sabon da zai fito ciki zai nufa."

"To kai mi za ka yi?"

"In tsaga mai taurin, in juyo bakin waje, in ɗinke. Ba ya kai tsawon girkin tuwo."

"In ka yanka, idon shina ruhewa?"

"Yana rufuwa mana."

"Ba barci nike nuhi ba. Ranar da aka zo yi mata wanka, shina ruhewa?"

Sai ya yi dariya. Ba babbar dariya ba, ɗan murmushi ne da sauti, nan take ma ya haɗiye shi. Ya ce shi ba ya cire komai, ba ya zubar da komai, abin da wanzamai ke yi daban ne. Amma dariyar ta riga ta shiga kunnena. Na ce a raina, yaron da bai taɓa rufe idon mamaci ba shi zai yi wa maganar Innarmu dariya. Na tambaye shi me za a ba shi, ya ce ba a ba da komai. Wannan ya ƙara dagula mini lissafi, don ban ga dalilin da mutum zai bi mutane har gida da wuƙa a kyauta ba, sai dai in hannu yake koyo a kanmu. Kafin ya tafi kuma ya yi abin da ya ƙarasa ɓata shi a wurina. Ya roƙi ganin hantsakin, ya ɗaga shi sama ya dubi bakinsa, ya nuna mini cewa bakunan biyu sun cinye, ba sa haɗuwa sosai.

"Wannan yanzu karya gashi yake yi, Inna, ba tugewa ba. Guntun da ya rage ya fi dogon kaifi."

Na karɓe abina na mayar cikin kube.

Ku san ni, ba na yarda da magana sai na taɓa. Sallar Layya ta zo bayan 'yan makonni. Da aka miƙo mini kan ragon don babbaka, na ɗauke shi na zagaya bayan rumbu ni kaɗai da ƙaramar wuƙa, na ce yau zan kama yaron nan da ƙarya. Na tsaga fatar idon a hankali. Ga siririyar ta waje, ga ɗan nama ja a ƙarƙashi, ga wani ɗan abu fari mai tauri da ya tsaya a yatsana, ga ta ciki mai santsi. Na matsa bakin, har wani ɗan maiƙo ya fito ta ƙananan ƙofofi a jere, abin da shi bai ma faɗa ba. Komai yana nan yadda ya lissafa. Mai hankali da ya tafi likita washegari. Ni kuwa na zauna da kan rago a cinya ina cewa, to, ya san wurin, amma sanin wuri ba ya nuna niyyar mutum, mahauci ma ai ya san shi. Na babbake kan, muka ci romonsa, ban gaya wa kowa abin da na gani ba.

Lawali bai bar maganar ba. Kullum ya dawo daga kasuwa sai ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa.

"Inna Rakiya, mutum ukku na sani da anka yi ma, duk suna lahiya. Ki bari a kai ta."

"Sun mutu ka ga yadda sunka ƙare?"

"Haba Inna, sai mun jira mutane sun mutu?"

"Kai dabbobi ka sani. Je ka duba haƙoran raguna, ka bar mini idon 'yar'uwata."

Yaya na zaune tsakaninmu da faifanta. Da muka ishe ta sai ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Abin da Rakiya ta ce shi za a yi. Ita ke riƙe da idon nan tun ba ka san kasuwa ba."

Nan ne na yi dabarar da nake ganin babu mai wayon da zai yi irinta. Na ce a ba shi ido ɗaya a gwada. Kuma wane za a ba baƙon da ba a yarda da shi ba, in ba wanda ya riga ya lalace ba? A ba shi na hagu. In ya ɓata, bai ɓata komai ba. Na dama, mai gani, ya zauna a hannuna. Har Lawali sai da ya ce ai wannan ma ci gaba ne.

Majo ne kaɗai bai ji daɗi ba. Da muka je ya ajiye gilashinsa a tebur ya ce, "Inna, kin juya abin. Aikin nan ba ya cire hakiya, hana ta zuwa yake yi. Na hagu zan raba shi da zafi ne kawai. Na dama shi ne ake ceto, kuma yanzu ne lokacinsa. Ki bar ni in yi duka biyun yau."

Yadda ya nace wa mai kyan ya sa na ƙara tabbata akwai wani abu. Na ce ɗaya, ko mu koma gida. Ya juya wurin Yaya.

"Inna, idonki ne fa. Ke me kika ce?"

Ta laluba gefen zanena ta riƙe. "Na hagu," ta ce.

Na tsaya a taga har aka gama, idona a kan ɗan kwanon da ke gefensa, ina jiran in ga ya jefa yankin fata a ciki. Auduga kawai ya jefa. Washegari aka cire bandeji, bayan mako aka cire zare. Gashin ya miƙe waje reras kamar na yarinya, hawayen wannan gefen ya tsaya. Amma gani bai ƙaru ba, inuwar nan dai ce. Ya faɗa tun farko, na ji da kunnena, duk da haka ranar kasuwa na riƙa gaya wa matan da ke kwance a cinyata, "Ga Yaya nan an yanka, ku tambaye ta in ta ga wani abu sabo." Da yawa sun fasa zuwa saboda wannan maganar tawa, ban san adadinsu ba, kuma ina tsoron ranar da za a nuna mini su. In Yaya ta kishingiɗa bayan azahar sai in lallaɓa in leƙa fuskarta. Idon a rufe ruf. Sai in ce ai barci daban, mutuwa daban.

Damina ta wuce, kaka ta zo da ƙaiƙayin sussuka. Na dama ya fara ja. Tugewar mako ta koma ta kwana uku, ta koma ta kullum. Ina ganin guntayen gashin da suka karye, baƙaƙe ƙanana a bakin fatar, in bi su da hantsaki su ƙi kamuwa. Na san maganar wa ke nan, na ƙi tunawa. Na sa mata kwalli, na wanke da ruwan ganye. Majo ya zo gidan sau biyu. Na farko na bar shi a tsaye a zaure. Na biyu na ce masa ta tafi Birnin Lalle wurin biki, alhali tana ɗaki tana jin mu, ta rufe fuska da mayafi don haske na soka mata. Ya ce in ta dawo in kawo ta ko ba ranar aiki ba ce. Ya miƙo mini sabon hantsaki fari cikin takarda, ya ce in dai sai na tuge to in tuge da wannan. Na jefa shi cikin tukunyar tarkace. Kafin sanyi ya fita aka ɗauke shi zuwa wani gari, wanda ya maye gurbinsa kuma bai iya aikin ba.

Wata safiya muna zaune a gindin bedi Yaya ta miƙo mini allura da zare.

"Zura mini, Rakiya."

Ban taɓa zura mata zare ba tun da nake. Na karɓa, na dubi fuskarta. Wani ɗan fari ya zauna a tsakiyar baƙin idon dama. Ni ma na kasa zurawar. Cikin wata biyu farin ya rufe shi gaba ɗaya, ya fi na hagu muni. Inuwar nan ta idon hagu, wadda na riƙa yi wa ba'a a gaban mata, da ita Yaya ta yi sauran shekarunta tana gane ƙofa da bakin rijiya. Faifan da ta fara a kakar nan yana cikin akwatina, rabi.

Lawali bai zage ni ba. Ya dai daina zama in na shigo, kuma gaisuwarsa ta koma ta mutanen hanya. Bayan shekara biyu wasu masu aikin ido suka zo garin, shi ya kai ta da kansa, ni ina biye a baya. Suka duba suka ce gani kam ya tafi, amma za su iya gyara fatar ta huta da zafi. Yaya ta girgiza kai.

"Ku bar shi. Wanga na Rakiya ne."

Har yau ban san me take nufi ba. Na juya maganar nan ta kowace fuska. Wani lokaci in ce rufa mini asiri take yi a gaban ɗanta, wani lokaci in ce hukunci ne ta yanke mini, in ci gaba da ganin aikina kowace safiya. Na sha kasa kunne ko zan kama wani abu a muryarta, ban taɓa kamawa ba. Ba ta canza mini fuska ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ta zage ni. Na tono farin hantsakin daga tukunyar tarkace, da shi na ci gaba da tuge mata makahon idon har ƙarshen ranta. Matan kasuwa kuwa na daina kwantar da su. Duk wadda ta zo sai in juya mata fatar da tsinken ashana, in nuna wa 'yar rakiyarta tabon, in ce su wuce likita. Daga nan kuka samo labarin da kuke faɗa wa baƙi.

Ta rasu da hantsi, ranar wata Laraba, bayan gajeriyar jinya. Ni na yi mata wanka, da wata maƙwabciyarmu tana zuba mini ruwa. Na ɗora yatsa a idon hagu, wanda aka yanka, ina tuna ranar da na bi Inna wankan Bafulatanar nan. Shafa ɗaya, ya rufu lumui. Na koma na dama. Tabon shekaru ya tsuke fatar ta ƙanƙance ta yi tauri, na ja ta ta sauko rabi ta tsaya. Na sa ruwan ɗumi na shafa, na sake, na sake. Farin na nan yana leƙowa ta tsagar. Na yagi ƙyalle.

Maƙwabciyar ta matso ta rage murya. "Allah sarki. Ai dama an ce wanda anka sa ma wuƙa ba shi ruhewa."

"Ba shi ba ne," na ce mata. "Na wuƙar ga shi nan a ruhe. Wanga nawa ne."

Ta ɗauka zafin rashi ne ke sa ni sambatu, ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, ta miƙo mini likkafani. Ku ma da na faɗa muku da baki na san haƙurin za ku ba ni, shi ya sa na rubuta. Baƙin hantsakin yana cikin akwati tare da rabin faifan, kada wanda ya rataya shi a wuya don tunawa da ni. In kuma baƙo ya sake tambaya, ku ce masa Rakiya ta kai yayarta likita da ido biyu, ta ba da wanda ya mutu, ta riƙe mai rai.